Awa Guda Bayan Asuba

'Yata, tun ranar da kika zo gaishe ni maganarki take yi mini yawo a rai. Kin zauna a bakin tabarma kina juya waya a hannu, kika ce hankalinki ya rabu gida goma. Ga aikin ofis, ga yara, ga maigida, ga ɗan lambun da kika kafa a bayan ɗaki, ga ɗinkin hula, ga wannan son tarihi da ya sa ba kya wuce tsoho ba ki tsaya kin yi masa tambaya ba. Kika ce littafin da kika fara tun bara ya cije a babi na tara, kuma kina ganin mafita ita ce ki ajiye aiki, ki sallami duk sauran abubuwan, ki zauna daga ke sai alƙalami. A ranar ban tanka miki ba, don ɗakin cike yake da baƙi, irin wannan magana kuwa ba a yin ta a gaban jama'a. Yau gida ya yi shiru. Bari in faɗa miki abin da na gani, ni goggonki da na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da Hausa a aji, ina karanta littattafan mutane tun ba a haife ki ba.

Kada ki ajiye aikinki. Waɗanda suka buɗe mana ƙofar ƙagaggen labari da boko, babu wanda a cikinsu ya naɗe hannu ya ce shi rubutu kaɗai zai yi. A 1933, da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zagaya yana neman masu shiga gasar rubuta labari, malaman makaranta ne suka fi amsa kira. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja. Yayansa Malam Bello Kagara, shi ma malami, ya rubuta Ganɗoki. Abubakar Tafawa Ɓalewa da alli a hannunsa a Bauchi ya rubuta Shaihu Umar. Can Masar ma akwai Najib Mahfuz, wanda aka haifa a shekarar da aka haifi Imam, wato 1911. Ma'aikacin gwamnati ne har ya yi ritaya a 1971, yana zuwa ofis kamar kowa, ya ware wa rubutu sa'o'insa da ba ya yarda a taɓa. A 1988 aka ba shi kyautar Nobel, shi ne marubucin Larabci na farko da ya samu.

Ban da wannan, ki dubi batun abinci da idon basira. Akwai lokacin da littafin takarda ya yi tashe a Kano, lokacin da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, yake shiga gida-gida, 'yan mata suna karɓar aro suna ɓoyewa a ƙarƙashin matashi. Wannan kasuwa ta ja baya tun da waya ta shiga hannun kowa. Marubuciyar da ta jingina tukunyar gidanta da littafi, dole ta rubuta abin da zai sayu gobe da safe, ko ranta bai kwanta da shi ba. Albashinki, komai ƙanƙantarsa, shi ne zai ba ki damar ki ce wannan babin bai nuna ba, ba zan sake shi ba.

Littafinki awa guda yake nema a wurinki, amma awar da kowa a gidan ya san taki ce. Ni dai ban ga wadda ta kai ta bayan asuba ba. Kin idar da salla, kin yi azkar, yara ba su motsa ba, ba a ɗora ruwan koko ba. Kin san halin Dutse da bazara: da hantsi ya ɗaga, duwatsun nan suka sha rana, sai su yi ta maido wa gari zafi har bayan isha, mutum ya rasa inda zai sa kansa balle ya ƙulla zance. Da dare kuwa gajiya ta riga ta cinye ki, wuta ma sai an ga dama a kawo. Asuba ba ta buƙatar komai sai fitilar caji da littafin rubutu. Wata baƙar fata a Amurka, Toni Morrison, wadda ita ma ta ci Nobel a 1993, ta fara rubutu tana aikin tace littattafai a kamfanin ɗab'i, tana renon 'ya'yanta maza biyu ita kaɗai. Ta sha faɗa cewa kafin gari ya waye take tashi ta yi nata aikin, don a lokacin ne babu mai kiran ta.

Ki zaunar da maigidanki ki yi masa bayanin awar nan cikin ladabi, ki nemi ya tsare miki ita. Namijin da aka shawarta yakan zama mai gadin abu, wanda kuwa ya wayi gari ya tarar, sai ya ga kamar an raba shi da wani haƙƙi.

A cikin awar ki sa wa kanki shafi biyu. Na san za ki raina, amma yi lissafi. Cire Juma'a, cire kwanakin salla da na biki da na suna, cire ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, cire goman ƙarshe na azumi. Ko kwana 200 suka rage miki a shekara, shafi 400 ke nan, ya fi littafi guda. Kin kuma san abin da malamanmu suke karantarwa game da falalar ɗan aikin da aka lizimta. Ranar da kika zauna kan ya toshe, kada ki tashi. Koma kan shafin jiya ki gyara, ki soke kalmar da ta yi yawa, ki canja wadda ta zauna a gurbin da ba nata ba. Sau da yawa a nan zaren yake dawowa hannu.

Ga wata dabara da na koya daga murhu. A gidan da na tashi ba a barin wuta ta mutu ƙurmus. In an gama tuwon dare sai a lulluɓe garwashi da toka, da safe a tona a hura, ba sai an aiki yaro maƙwabta ɗebo wuta ba. Haka za ki yi wa labarinki. Kada ki rufe littafi a inda zance ya ƙare. Tsaya a inda kin san abin da zai biyo baya: an yi sallama a zaure, matar gida ta gane muryar, ta miƙe. Ajiye biro a nan. Gobe da asuba ba za ki zauna kina kallon farar takarda ba. Ina kyautata zaton abin da ya kashe miki babi na tara ke nan, kin rubuta har kin ƙure, kika bar murhun ya huce wata da watanni.

Yanzu batun waya, kuma a nan zan ɗan matsa miki. Rubutun kullum daban, sakin kullum daban. Na san yadda ake yi yanzu: a rubuta kashi ɗaya da yamma, a tura zauren WhatsApp da dare, masu karatu su biya 'yan kuɗi, gobe su wayi gari suna neman ci gaba. Ban raina masu yi ba, akwai masu baiwa ƙwarai a cikinsu, kuma ta wannan hanya mata da yawa da ke cikin gida suka sami abin sayen sabulu da bakin faɗin damuwarsu. Amma na karanta irin waɗannan labarai da dama, na ga ciwon da ke kama su. Yarinyar da aka ce marainiya ce a farko, sai ga mahaifinta yana ɗaura mata aure a kashi na arba'in. Labarin da ya kamata ya ƙare a wata guda sai a yi ta jan sa kamar danƙo don kada masu biya su watse. Abin da ya fi damuna shi ne, wanda ya saki babi na ɗaya ya rufe wa kansa ƙofar gyara shi, alhali sai an kai ƙarshen labari ake sanin yadda ya dace a fara shi. Ke ki rubuta naki har ki dire. Sa shi a akwati ya kwana arba'in ba ki leƙa ba. Ki ɗauko ki karanta kamar na wata. Bayan nan in kin ga dama ki sake shi kashi-kashi, babu laifi. In kuma gajeren labari ne ya zo miki, ga gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara shirya wa mata tun 2016, ita ma tana koya wa mutum tsuke zance.

In a waya kike bugawa, ki riƙa ajiye kwafi a wani wuri. Wata ɗalibata ta taɓa zuwa mini tana kuka, an zare mata waya a tasha da babi talatin a ciki, ba ta da ko layi ɗaya a takarda. Har yau ba ta koma kan labarin ba.

To, sai abubuwan nan da kike kira raba hankali. 'Yata, da za ki san darajarsu da ba ki yi maganar sallamar su ba. Awa guda ta rubutu ce, sauran yinin na ido da kunne ne, kuma abin da suka tara shi alƙalami zai zuba da asuba. Abubakar Imam bai haƙo Magana Jari Ce daga cikinsa kawai ba. Ya karanta labaran Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya haɗa da abin da kunnensa ya ji a fada da kasuwa, ya ɗinka musu rigar Hausa har mai karatu ya ɗauka a garinsu abin ya faru. Mahfuz kuwa kullum sai ya taka a ƙasa cikin Alƙahira, ya zauna a gidan shayi yana sauraron mutane, har manyan littattafansa uku da sunayen titunan tsohuwar unguwarsu ya kira su.

Ɗauki hular da kike ɗinkawa. Ke kin san kwana nawa take ci, kin san yadda ido yake yaji in an kai tsakiyar zane, kin san abin da mai kawo aikin yake biya da abin da ake sayar da ita bayan an wanke an buga. In kika sa bazawara a labarinki tana ciyar da marayu da allura, ba za ki ce kawai tana sana'ar hannu ba. Za ki nuna ta tana kwance layi uku saboda zare ya saɓa launi, ga magariba ta gabato, ga mai hula zai aiko gobe. Wadda ba ta taɓa riƙe allura ba ba za ta iya rubuta wannan ba ko ta shekara tana tunani.

Ko dabinon garin nan. Mutane suna ci suna yar da ƙwallo, kaɗan ne suka san akwai bishiya namiji akwai mace, kuma mai gona yakan hau da kansa ya sa furen namijin a cikin na macen in yana son 'ya'ya masu kyau. Kaɗan ne suka san shekarun da mai dashe yake jira kafin ya ɗanɗana. Ga tashar binciken dabino ta gwamnatin tarayya nan a Dutse, ga tsofaffin da suka gaji itatuwa daga kakanni. Ki je ki zauna da su. Rigimar gado a kan bishiyar dabino goma, tsakanin wa da ƙani da 'yar'uwarsu da ke aure a wani gari, ta isa littafi guda, kuma ban taɓa cin karo da wanda ya rubuta ta ba.

Ranar kasuwar Shuwarin ki shiga da ɗan littafi a jaka. Kada ki tsaya rubutu a gaban mutane, za su kama bakinsu. Saurara kawai. Ji yadda mai riɗi yake cewa albarka in an taya masa da arha, yadda dillali yake shiga tsakani yana lallashin kowane ɓangare don la'adarsa, yadda ake cewa na sallama, da irin shirun da mai kaya yake yi kafin ya faɗa. In kin dawo gida ki zuba a takarda tun da ɗuminsa. In wata Alhamis ta ba ki dama, ki bi mota zuwa Maigatari ki ga kasuwar dabbobi, ki ji Hausar mutanen Nijar da ta Fulani da ta fataken kudu suna gauraya a wuri ɗaya. Mutanen da ke cikin littattafan yanzu duk murya ɗaya gare su, tsohuwa da budurwa da direba da malami, kowa yana magana kamar marubuciyar. Maganin wannan ciwo yana kasuwa.

Son tarihin nan naki kuwa, shi na fi yi wa murna. Na karanta babobinki tara. Tauraronki mai kamfani ne a Abuja, yana hutu a Dubai, tauraruwar kuma tana sauka daga bene. Hausarki mai daɗi ce, amma na ji kina taka ƙasar da ba ki sani ba, shi ya sa kike ɗaga ƙafa da ƙyar. Alhali ga gari a ƙarƙashin ƙafarki. Kundin tarihin Kano ya ambaci Dutse tun ƙarni na 15, inda ya ce Sarkin Kano Abdullahi Burja ya auri 'yar Sarkin Dutse. Ya kuma kawo yaƙin da Sarki Kumbari ya yi da Dutse a ƙarni na 18. Wace ce waccan 'yar sarki da aka ɗauka daga cikin duwatsu aka kai birni? Tarihi bai tsaya a kanta ba, ke kina iya tsayawa. Hau Garu ki dubi yadda tsohon gari ya ɓuya a tsakanin duwatsu, za ki gane dalilin da ya sa cin sa ya yi wuya. Gangara Birnin Kudu ki ga zanen shanun da mutanen dauri suka bari a jikin dutse, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa.

Ba sai kin yi nisa haka ba ma. Ni ganau ce a kan abin da ya faru daga 27 ga Agusta 1991, ranar da aka yanke Jigawa daga Kano aka ce Dutse ce babban birni. Garin hakimi ya kwana ya tashi da gwamna. Ma'aikata suka zo daga Kano babu gidajen da za su ɗauke su, da yawa suka bar iyali can, su zo Litinin su koma Juma'a, wasu suka shekara da shekaru a haka. Gonakin gero suka zama fulotai. Wanda ya sayar da gonar ubansa ya sayi babur, da wanda ya riƙe tasa har ta yi daraja, yau suna zaune a majalisa ɗaya. Aka kafa jami'ar tarayya a 2011, aka buɗe filin jirgin sama a 2014, yaran Limawa da Fagoji da Takur suka tashi a garin da kakanninsu ba za su gane ba. Matar da mijinta yake Dutse kwana biyar, Kano kwana biyu, me take ciki? Yaya aka yi da ta ji ya yi sabon aure a can? Wannan labarinmu ne, kuma masu iya ba da shi da baki suna ta raguwa.

Akwai kuma masu nauyi. Ambaliyar 2022 da ta ci gonaki da gidaje a Ringim da Miga da Auyo. Matan da ake kawowa asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008, wasu an sake su saboda lalurar da ba su suka ɗora wa kansu ba. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana yarinya, abin da ta sani ta rubuta: kishi, da saki, da mijin da ya wofintar da iyali. Alhaki Kuykuyo Ne ya fito a 1990, a 2012 kuma wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Ingilishi. Tsakar gidan Kano ce ta kai ta can.

Sai dai ki riƙe amana. Abin da mace ta faɗa miki tana hawaye ba kayan kasuwa ba ne. In za ki ɗauka, ki canja gari, ki canja dangi, ki canja kama, ki haɗa mutum uku su zama ɗaya, yadda ko maƙwabciyarta ba za ta nuna ta da yatsa ba. Sirrin gidanmu ma haka. Dutse ƙaramin gari ne, kowa ya san kowa, kuma abin da aka buga ba ya gogewa.

A cikin abubuwan da ke ɗaukar miki hankali, guda ɗaya na yarda ki rage. Duk sha'awar da za ta sa hannunki aiki, ko ta fitar da ke cikin mutane, ko ta sa ki buɗe littafi, ki riƙe ta. Wadda za ta zaunar da ke kina shafa gilashin waya har sha biyun dare, ita ce ɓarauniyar asubarki, don wanda bai kwanta da wuri ba ba zai tashi da kai sakayau ba.

Kin san ba zan rufe baki ban taɓo ƙa'idar rubutu ba. Ki sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu, wayoyin yanzu suna da su. Baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban. Ki koyi inda ake haɗe kalma da inda ake raba ta. In kin gama babi, karanta shi da ƙarfi a gaban Inna, ita da ba ta yi boko ba. Duk inda ta ce me, a nan Hausarki ta karkace ko wani harshe ya leƙo ta ƙarƙashinta. Duk inda ta yi salati ko ta ce Allah sarki, kada ki taɓa wurin.

Ban ce ki yar da babobinki tara ba. Ajiye su, hannunki ya koyi tafiya a kansu. Amma gobe in Allah ya kai mu, bayan kin shafa addu'a, ki buɗe sabon littafin rubutu, ki sa mutum ɗaya a wata unguwa da kika san ƙamshin ƙasarta, ki ba shi abin da yake nema da abin da ya tare masa hanya. Shafi biyu, ki rufe.

Ranar Asabar ta sama ki zo mini da abin da ya taru, ko shafi goma ne, ki karanta mini da bakinki. Ki taho da yaran su yi wasa a tsakar gida. Allah ya yi miki albarka, ya sa alƙalaminki ya zama mai amfani. Ki gaishe mini da maigidan.